RA'AYINMU: BAYAN AN YI WA MUTUM TIYATA AN SALLAME SHI, JINYARSA A WUYAN WA TAKE?

Al'adar da muka saba da ita ita ce, ranar da za a shiga da mutum ɗakin tiyata sai ka ga harabar asibiti ta cika maƙil da 'yan uwa da abokan arziki, kowa ya yi jugum yana addu'a. Da zarar an fito da shi, ya buɗe ido, sai a yi hamdala, a yi wa juna barka, kowa ya kama gabansa. Bayan kwana uku ko biyar a sallame shi da 'yar takarda a hannu, a ce ya dawo bayan mako biyu. A wajen mutane da yawa magana ta ƙare ke nan. Alhali kuwa daga ranar ne wahalar majinyaci take somawa, kuma a wannan tsakani ne muke rasa mutane masu yawa, wasu kuma su nakasa, wasu su faɗa shaye-shaye a garin neman sauƙin raɗaɗi. Wannan shi ya sa muka ga ya wajaba mu yi magana da 'yan uwa matasa a kan wannan al'amari, domin ku ne masu hawa babur da tuƙin a-daidaita-sahu, ku ne masu dako da aikin gini, ku ake kwantarwa saboda karaya da kaba da afendis, kuma ku ne ake turawa kwana a asibiti idan uba ko uwa ba su da lafiya.

Abin da muke faɗa ba zato ba ne. A shekarar 2018 aka fitar da sakamakon wani babban bincike da likitocin Afirka suka yi da kansu a ƙasashe 25, har da Nijeriya, inda suka bi diddigin majinyata sama da 11,000 da aka yi wa tiyata a asibitoci 247. Sun samu cewa kusan mutum ɗaya cikin biyar ya gamu da wata matsala bayan aiki, kuma mafi yawan matsalar ita ce shigar ƙwayoyin cuta. Sun samu cewa wanda aka yi wa aikin da aka tsara masa rana a Afirka, haɗarin mutuwarsa ya ninka na sauran duniya sau biyu, duk da cewa majinyatanmu sun fi ƙuruciya, sun kuma fi ƙarancin cututtukan tsufa. Abin da ya fi tayar da hankali shi ne, cikin waɗanda suka rasu, kashi 94 cikin ɗari ba a ranar aikin suka rasu ba, a kwanakin da suka biyo baya ne. Ma'ana, wuƙar likita ta yi aikinta, amma sai aka rasa mai lura da majinyaci lokacin da jikinsa ya fara rikicewa. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta bayyana a 2016 cewa a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin ƙarfi, kimanin mutum 11 cikin ɗari da aka yi wa tiyata raunin nasu yakan kamu da cuta.

To me ya jawo haka? Ba sai an je da nisa ba. A watan Afrilun 2001 shugabannin Afirka suka taru a Abuja suka yi alkawarin ware aƙalla kashi 15 cikin ɗari na kasafin kuɗinsu domin lafiya. Ƙasar da aka yi taron a cikinta ba ta taɓa cika wannan alkawari a kasafin Gwamnatin Tarayya ba, galibin shekaru ko rabinsa ba a kaiwa. Sakamakon haka, sama da kashi 70 cikin ɗari na abin da ake kashewa a kan lafiya a Nijeriya daga aljihun mutane yake fitowa kai tsaye. Talaka yakan sayar da akuya, ya jinginar da gona, ya ci bashi, kafin ya haɗa kuɗin aiki. Ranar da aka sallame shi aljihunsa wayam. Ina zai samu na mota zuwa asibiti sau uku a mako domin wankin ciwo? Ina na magani? Ina na gashin ƙashi? Ga kuma ƙarancin ma'aikata. A 2024 Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya faɗa da bakinsa cewa likitoci kimanin 16,000 sun bar ƙasar nan cikin shekaru biyar. Waɗanda suka rage aiki ya yi musu katutu. Likitan da zai ga mutum tamanin a wuni, yaushe zai zauna ya saurari wanda yake cewa wurin ɗinkinsa yana masa zogi da dare?

Wannan nauyi ne da yake wuyan mahukunta, kuma Allah zai tambaye su a kansa. Ba za mu daina faɗa musu ba. Amma ɗan uwan da yake kwance yau da rauni yana zubar da ruwa ba zai iya jiran a gyara kasafin kuɗi ba. Saboda haka dole mu san abin da za mu yi wa kanmu da hannunmu.

Abu na farko, ba a fafe gora ranar tafiya. Kafin a bar asibiti, majinyaci ko mai jinyarsa ya tsaya ya yi tambaya, kuma ya rubuta amsa. Wane aiki aka yi, mene ne sunansa? An sa ƙarfe ko wani abu a jiki? Wace rana za a cire zare, kuma a ina? Sau nawa za a wanke ciwon, kuma asibitin unguwa zai iya? Kowane magani na mene ne, sau nawa ake sha, har zuwa yaushe? Yaushe za a iya wanka, yaushe za a iya ɗaukar kaya mai nauyi, yaushe za a koma kan babur? Wace alama ce idan an gani za a dawo ba tare da jiran ranar da aka bayar ba? Da yawa daga cikinmu kunyar likita muke ji, muna ganin tambaya rashin ladabi ce. Ba haka ba ne. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ba majinyaci haƙƙin a yi masa bayanin halin da yake ciki da irin maganin da za a yi masa, kuma kundin haƙƙoƙin majinyata da Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar a 2018 ya sake jaddada haka. A yi tambaya cikin ladabi, amma a yi ta. A adana kati da takardar sallama da hotunan ƙashi da sakamakon gwaji a leda guda, domin ranar da aka koma ba lallai ne a tarar da likitan da ya yi aikin ba, kuma takardun nan su ne za su yi wa wanda aka tarar bayani.

Abu na biyu, a san alamomin haɗari. Jin zafi a kwanakin farko bayan aiki ba abin mamaki ba ne, amma ƙa'ida ita ce kullum ya riƙa raguwa. Idan ya zamana yana ƙaruwa, to akwai magana. Idan gefen ciwon ya yi ja, ya kumbura, ya ɗau zafi, ko ya fara fitar da mugunya ko wari, ko ɗinkin ya buɗe, ko zazzaɓi ya zo, ƙwayoyin cuta ne suka shiga, kuma galibi cikin kwana talatin na farko hakan yake faruwa, ko da yake wanda aka sa wa ƙarfe abin yana iya ɗaukar watanni kafin ya bayyana. Wanda aka yi wa aikin ciki, idan cikin ya kumbura, yana ta amai, ba ya bayan gida, ba ya fitar da iska, a mayar da shi nan take. Idan ƙafa ɗaya ta kumbura tana ciwo, musamman a sharaɓa, mai yiwuwa jini ne ya daskare a jijiya, kuma gudan yana iya tafiya huhu. In aka ga numfashi ya sarƙe ko ƙirji ya ɗau ciwo farat ɗaya, ba a jiran gari ya waye. Wanda aka ɗaure wa ƙafa ko hannu da filasta, in yatsunsa sun yi sanyi, sun canza launi, ko ya daina jin su, ɗaurin ya matse, kuma 'yan sa'o'i sun isa su kashe gaɓar. A irin waɗannan lokuta, dokar nan ta 2014 ta hana kowane asibiti ƙin karɓar mai buƙatar taimakon gaggawa bisa kowane dalili. A san wannan, a kuma faɗe shi idan buƙata ta taso.

Abu na uku, kada a garin neman gira a rasa ido. Mun san abin da yake faruwa idan kuɗi suka ƙare. Wani zai ce a fasa kafso a barbaɗa a kan ciwon, wani ya ce toka, wani baƙin mai, wani ya kawo ƙulli daga ƙauye. Rauni buɗaɗɗe ƙofa ce, duk abin da aka zuba masa mai datti cuta aka shigar, har da tetanus mai sarƙe haƙora wadda take iya kashe mutum. Haka nan akwai masu zare majinyaci daga hannun likitan ƙashi su kai shi wajen mai ɗori saboda sauƙin kuɗi. Likitocin ƙashi a ƙasar nan sun daɗe suna rubuce-rubuce a kan yawan hannuwa da ƙafafun da suka yanke saboda ɗaurin karare da ya matse har jini ya daina gudana, gaɓa ta ruɓe. Wanda aka riga aka sa wa ƙarfe, ba shi ba ɗori. Abin da jiki yake buƙata domin rauni ya haɗe sananne ne: tsafta, wanke hannu kafin a taɓa bandeji, abinci mai gina jiki irin su wake da ƙwai da kifi da nono da ganye, isasshen ruwa, da tattaki kaɗan-kaɗan da zarar likita ya ba da izini, domin doguwar kwanciya ita ke jawo daskarewar jini da ciwon huhu da gyambon baya. Mai shan taba ya sani hayaƙinta yana rage iskar da take isa ga rauni, yana jinkirta haɗuwar ƙashi. Mai ciwon suga kuma ya kula da awonsa, domin suga idan ya hau ciwo ba ya warkewa.

Yanzu sai mu zo kan abin da ya fi damun mu game da matasa, wato raɗaɗin da ya ƙi tafiya. Akwai wanda raunin nasa ya haɗe sumul, likita ya duba ya ce komai lafiya, amma wata uku, wata shida, shekara, wurin yana masa zafi kamar an ɗora garwashi, ko yana fizga kamar lantarki, ko riga ma ta taɓa wurin sai ya yi tsalle. A gida sai a fara cewa raki ne, ko lalaci ne ba ya son komawa aiki, wasu su ce sammu ne. Mu sani cewa wannan ciwo ne na gaske da likitoci suka sani. A kundin cututtuka na Hukumar Lafiya ta Duniya da ya fara aiki a 2022, raɗaɗin da ya wuce wata uku bayan tiyata an ba shi suna da lambarsa. Sau da yawa sababinsa shi ne wata siririyar jijiya da aka yanka ko tabo ya danne, sai ta ci gaba da aika wa ƙwaƙwalwa saƙon ciwo bayan nama ya warke. Kimanin mutum ɗaya cikin goma da aka yi wa aikin kaba yana fama da shi. Waɗanda aka yanke wa ƙafa ko hannu kuwa, fiye da rabinsu sukan ji ciwo a gaɓar da babu ita, mutum ya ce babban yatsansa yana masa zafi alhali an binne ƙafar tuntuni. Ba hauka ba ne, ba aljanu ba ne. Irin wannan ciwon jijiya magungunan ciwon jiki na yau da kullum ba su cika yi masa komai ba. Yana da nasa magungunan da likita ne kaɗai yake rubutawa ya kuma daidaita, yana da gashi da motsa jiki, wani lokaci da allurar da ake yi a kan jijiyar. Saboda haka a koma asibiti, a bayyana wa likita irin zafin dalla-dalla: yaushe yake tashi, me yake tayar da shi, kamar me yake ji. In ba a samu biyan buƙata ba a nemi takardar turawa babban asibiti, irin su asibitocin koyarwa na Kano da Zariya da Sakkwato da Maiduguri, ko Asibitin Ƙashi na Dala.

Wanda bai samu wannan bayani ba, ina yake nufa? Kemis. A nan ne Shaiɗan yake ɗana tarkonsa. Ba duk ɗan ƙwaya ne ya fara da neman maye ba. Akwai waɗanda daga gadon asibiti suka fara. An ba shi tiramadol na 'yan kwanaki, ya ji daɗinsa, ya ƙare, ciwo bai ƙare ba, ga iyali suna jiran cefane, sai ya saya da kansa domin ya iya fita aiki. Yau ɗaya, gobe biyu, jibi jiki ya saba, in bai sha ba sai gumi da karkarwa da rashin barci. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi a 2018 ya nuna cewa 'yan Nijeriya kimanin miliyan 4.6 sun yi amfani da irin waɗannan magunguna ba bisa umarnin likita ba. Ƙarfin tiramadol da hukumar NAFDAC ta amince da shi miligiram 50 ne da 100, amma wanda hukumar NDLEA take kamawa a kasuwa har da mai 225. Yawan shansa yana jawo jijjiga irin ta farfaɗiya, yana kuma iya tsayar da numfashi. Su ma magungunan da ake ɗauka ba komai ba ne suna da nasu sharrin. Daikulofenak da ibuprofen idan aka daɗe ana sha suna huda ciki su jawo zubar jini, suna kuma kashe ƙoda. Farasitamol kuwa, baligi ba ya wuce ƙwaya takwas masu miligiram 500 a cikin sa'a 24, in ya zarce hanta yake illatawa. Haɗin da masu tallar magani a tire suke ƙullawa a leda, babu wanda ya san me ke ciki. Ɗan uwan da ya riga ya faɗa wannan rami, kada ya yanke shan ƙwayar rana ɗaya shi kaɗai, kada kuma ya ɓoye. Ya je ga likita a rage masa sannu a hankali. Mu kuma kada mu kore shi daga cikinmu, domin idan muka kore shi majalisar 'yan ƙwaya a buɗe take.

Akwai kuma wata gurguwar fahimta da ya kamata a gyara game da haƙuri. Wasu 'yan uwa suna ganin faɗin ciwo ko komawa asibiti rauni ne na imani, sai mutum ya cije yana cewa ya bar wa Allah, har ƙafa ta ruɓe. Annabi Ayyuba (AS), wanda ake buga misali da haƙurinsa, ya kai kukansa ga Ubangijinsa a kan cutar da ta same shi, kuma hakan bai rage masa daraja ba. Manzon Allah (SAW) ya umarci al'ummarsa da neman magani. Haƙurin da ake ba da lada a kansa shi ne barin fushi da hukuncin Allah, tare da riƙo da sababi. Shari'a ma ta sauƙaƙa wa majinyaci: wanda ba zai iya tsayuwa ba ya yi salla a zaune ko a kwance, wanda ruwa zai cutar da rauninsa ya shafa a kan bandeji ko ya yi taimama, wanda azumi zai jinkirta warkewarsa ya sha ya rama. Wanda ya ƙi rangwamen da Allah Ya yi masa har ɗinkinsa ya ɓalle a sujada, bai fi kowa tsoron Allah ba, jahilci ne ya ɗebe shi.

Sannan mu dubi yadda magabata suka yi. Lokacin da aka harbi Sa'adu ɗan Mu'azu (RA) da kibiya a jijiyar hannu a yaƙin Khandaƙ, shekara ta 5 bayan Hijira, Manzon Allah (SAW) ya sa aka kafa masa tanti a cikin masallaci domin ya riƙa duba shi daga kusa, kuma malaman tarihi sun ambaci Rufaida, wadda take jinyar masu rauni a tantinta a nan masallacin. A dubi wannan da kyau. Jinyar mai rauni a tsakiyar jama'a aka ajiye ta, a inda ake haɗuwa sau biyar a rana, yadda babu wanda zai ce ya manta da shi. Mu fa a yau? Ɗan uwa zai ɓace daga sahu wata biyu, sai dai a ce ai an yi masa aiki ne, Allah Ya ba shi lafiya, shi ke nan.

Saboda haka muna kira ga matasan kowace unguwa, kowane masallaci, kowace makarantar dare, da su mayar da wannan aiki tsararre. A samu mutum biyu ko uku da za su riƙe sunayen waɗanda aka sallamo daga asibiti da ranakun komawarsu. Mai a-daidaita-sahu ya ɗauki nauyin kai majinyaci wankin ciwo sau ɗaya a mako. Mai ilimin boko ya raka shi wajen likita ya rubuta bayani. Ɗan uwan da yake aikin jinya ko karatun lafiya ya leƙa ya duba raunin. A buɗe asusu, ko naira ɗari-ɗari ce duk Juma'a, domin kuɗin bandeji da magani da cefanen gidan wanda ya kwanta, saboda yunwar iyali ce take tayar da mutum ya koma dako kafin ɗinkin cikinsa ya yi ƙwari. A bincika shirin inshorar lafiya na jiha, tunda dokar 2022 ta wajabta inshorar ga kowa, a taimaka wa 'yan uwa su yi rajista tun suna da lafiya. Idan an ga sakaci ƙarara, a rubuta koke ga hukumar asibitin, in abin ya girma a kai ga Majalisar Likitoci ta Ƙasa, wadda doka ta ba ikon ladabtar da likita. Dukan nas ko zagin likita zalunci ne, kuma ba ya warkar da kowa. Takarda mai kwanan wata da hujja ta fi hayaniya tasiri.

Dubiya ma tana da ladubba. Kada a cika wa majinyaci ɗaki a hana shi barci. Kada a zauna ana ba shi labarin wane da aka yi wa irin aikinsa ya mutu. Kada kowa ya zama likita yana kawo nasa maganin. Kuma a lura da zuciyarsa, domin ciwon da ya daɗe yana hana barci, yana kawo ƙunci, saurayi mai ƙarfi ya wayi gari sai an ɗaga shi, ya ga ya zama kaya. In aka ji yana cewa gara mutuwa da wannan rayuwa, kada a ɗauka wasa ne, kada a tsaya ga yi masa faɗa. A zauna da shi, a saurare shi, a sanar da likitansa.

Ga likitoci da ma'aikatan jinya da suka zaɓi zama a ƙasar nan duk da wahala, muna yi muku fatan alheri, muna kuma roƙon ku minti biyar na bayani da harshen da majinyaci yake ji kafin ku sa hannu a takardar sallama. Ga mahukunta, alkawarin Abuja yana nan yana jiran ku. Ga 'yan uwa matasa kuma, kafin Juma'a mai zuwa kowa ya tuna mutum ɗaya da aka yi wa aiki a unguwarsu, ya je ya tambaye shi ranar komawarsa asibiti da wanda zai kai shi.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu na gida da na asibiti lafiya, Ya sa wahalar da suke sha ta zama kaffara, Ya ba masu jinya juriya da lada. Amin.